Yunwar da ta ɗage mini tiyata

Har yanzu idan aka turo saƙon nan a guruf ɗin WhatsApp na matan unguwa, mai cewa wai kansa suga da nama take ci, a hana ta su sai ta mutu da yunwa, nan take raina yake ɓaci. Wannan saƙo da ire-irensa su suka sa aka ɗage mini aiki, ga ciwo a jiki, ga kuɗi suna ta zurarewa.

Na haura hamsin, al'ada ta daɗe da ɗauke mini, kwatsam sai jini ya dawo. Da farko ɗigo-ɗigo, daga baya ya riƙa zuwa da ƙarfi. Aka yi sikanin, aka ɗebi ɗan nama daga cikin mahaifa aka kai gwaji, sakamako ya fito: kansar cikin mahaifa. Ba ta bakin mahaifa ba da aka fi yi mana faɗakarwa a kanta a rediyo. Ta cikin ce, wadda ta fi kama mata bayan sun daina haila. Likita ya ce za a cire mahaifar gaba ɗaya, har da bakinta da bututun ƙwai da ma'ajiyar ƙwai duka biyun, kuma idan ciwon bai tsallaka waje ba, mata da yawa da aikin kaɗai suke rabuwa da shi. Aka sa mini rana.

Cikin bayaninsa ya ambaci cewa ƙiba da ciwon suga suna ƙara haɗarin wannan ciwo, domin kitsen jiki yana samar da sinadarin nan na mata, istirojin, shi kuma yana sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi ta kauri. Ni kuwa ga jiki, ga suga. Duk abin da ya faɗa bayan wannan bai shiga kunnena ba. Abin da na koma gida da shi kawai, bakina ne ya jawo mini.

To mai neman kuka an jefe shi da kashin awaki. Kafin a kwana biyu kowa ya zama likita. Yayata, don ƙauna ba don komai ba, ta kawo mini wata mata mai sayar da haɗin magani, mai daɗin baki, da takardar dokoki a hannu. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono, ba mai, ba shinkafa, ba tuwo. Abin da ya rage shi ne tafasasshen ganye, da ruwan ɗumi da lemon tsami da asuba, da garin tafarnuwa da citta da kurkum cokali-cokali, sai wata jarka ta jiƙo mai ɗacin tsiya da ba ta taɓa faɗa mana abin da ke ciki ba. Kuɗin da muka ba ta kuwa, gara kada a tuna. Na zube, zobe ya fara faɗuwa daga yatsana, in na ɗago daga sujada sai ɗaki ya juya mini. Masu zuwa dubiya suna ta cewa, "Hajiya kin gani ko? Ciwon ya fara jin jiki." Jini kuma bai daina zuba ba.

Da na je gwaje-gwajen da ake yi kafin aiki, nas ta ɗora ni kan sikeli, ta dubi kati, ta sake duban sikelin. Gwaji ya nuna jinina ya yi ƙasa sosai da kashi 30 cikin ɗari ɗin da suka ce suna so kafin su shiga da mutum irin wannan babban aiki. Likita ya ce, "Mama, me kike ci a gida?" 'Yata ta fara lissafa masa abin da aka hana ni. Ya ajiye biro. Ban taɓa ganin ɓacin rai a fuskarsa ba sai ranar.

Ya ce babu wani abinci da za a daina ci kansa ta mutu. Kowace ƙwayar halitta a jiki da suga take aiki, har ƙwaƙwalwa, kuma idan ba ki ci ba jiki zai narkar da tsokarki, hanta ta yi sugan da kanta. Ciwon yana nan yana shan rabonsa, ke ce kike ƙarewa. Ya ce yanka za a yi a ciki, kuma jiki ba ya haɗe yanka sai da abinci mai gina jiki, kamar yadda magini ba ya tayar da bango babu bulo. Jiƙon da garin nan kuma ya ce a tsayar da su a take. Tafarnuwa da citta a cikin miya ba laifi, amma a riƙa shan su cokali-cokali yana iya hana jini saurin daskarewa, shi ya sa ake son a daina irin waɗannan haɗe-haɗe kamar mako 2 kafin tiyata. Ga shi ina shan maganin suga a kan cikin da babu komai, wannan ma kaɗai ya isa ya kayar da mutum.

Aka ɗage aikin. Duk wanda ya san asibitin koyarwa ya san abin da ake nufi da rasa ranarka: layi ne, sai ka sake bin sa. Aka yi mini ƙarin jini, 'ya'yana da yaran maƙwabta suka yi ta zuwa suna bayarwa, aka ajiye wani kuma don ranar aiki. Waɗannan makonni su suka fi komai yi mini ciwo a wannan jinya, har aikin kansa bai kai su ba. Da dare sai in kwanta ina lissafi, ko yanzu ne abin yake ratsa bangon mahaifa, ko yanzu ne yake tsallakawa. An gudu ba a tsira ba.

Aka tura ni wurin mai ba da shawara kan abinci, na shiga ina zaton za ta rubuta mini kayan kanti masu tsada. Abincinmu na gida ta lissafa. Dafaffen ƙwai, wake, alala, kifi, kaza, hanta jefi-jefi, kindirmo ba suga, miyar zogale da alayyahu, tuwon dawa ko gero ko acca daidai dunƙulen hannuna, kaɗan-kaɗan sau da yawa tunda cikin ya saba da wofi. Lemon kwalba da shayi mai suga ta hana, ta kuma nanata cewa saboda ciwon sugana ne, domin suga in ya hau yanka ba ya saurin warkewa kuma yana saurin ɗaukar ƙwayoyin cuta. Ƙwayar ƙarin jini ta ce in sha da lemon zaƙi, in nisanta ta da shayi don yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe, kuma kada in tsorata in na ga bayan gida ya yi baƙi. Na tambaye ta batun rage ƙiba. Ta ce, "Hajiya, wannan aikin shekara ne, za mu yi shi bayan kin warke. Yanzu ci za ki yi." Na yi kuka a ofishinta, kukan haushi.

Aikin kansa ba ni da abin faɗa a kai, barci na yi na farka. Dokar da suka ba ni ta daina cin abinci awa 6 kafin shiga na bi ta sau da ƙafa. Bayan na farka, tambayar da kowace nas take yi mini ba kunya ita ce, "Mama, kin yi tusa?" Sai an yi ta ake sanin hanji ya farka, sannan a fara ba ki ruwa da kunu mai ruwa-ruwa. Washegari suka tayar da ni, da robar fitsari da komai, wai sai na taka. Na yi musu Allah ya isa a zuci, amma tafiyar ce take hana jini daskarewa a jijiyoyin ƙafa, don haka ma aka sallame ni da wata 'yar allura ta kullum har mako 4. In tari zai zo, ki danne ɗinkin da filo.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne bayan gida. Maganin kashe zafi mai ƙarfi yana ɗaure ciki, ƙwayar ƙarin jini ma haka, ga masai na tsugunno, ga ɗinki a mara. Duk wadda za a yi wa wannan aiki, tun kafin ta tafi asibiti a tanadar mata kujera mai rami, ta kuma roƙi likita maganin sassauta ciki kafin sallama. Ruwa da yawa, gwanda, miyar kuka da ta kuɓewa, su suka cece ni.

Kuma a nan ne masu dokoki suka dawo zagaye na biyu. Wai ƙwai da gyaɗa suna sa ɗinki ya yi mugunya, wai miyar yauƙi tana hana miki rufewa. Gwaggon Malam ta zo da niyyar a dama mini kunun kanwa, a kuma gasa mini ciki da ruwan zafi tunda ai duk jego ne. Kanwa ga mai hawan jini irina, ruwan zafi a kan sabon ɗinki! Wannan karon 'yata ta tsaya a ƙofa. Duk mai shawara sai ta ce, "To Inna, mun gode, za mu tambayi likita." Ta sha zagi, an ce boko ya ɓata ta. Addu'a da ruwan zamzam dai babu likitan da ya hana ni, kuma na riƙe su. Salla a zaune na yi ta har ɗinki ya yi ƙwari. Mako 6 ba ɗaukar bokiti, ba shara, ba goyo, kuma hana ni ɗaukar jikata ya fi hana ni komai wuya.

Sakamakon gwajin mahaifar da aka cire ya nuna ciwon bai yi nisa cikin bangonta ba, don haka ba a tura ni gashin da ake yi wa kansa da na'ura ba, sai dai zuwa dubawa duk bayan 'yan watanni. Alhamdu lillahi. Amma wannan sa'a ce daga Allah, makonnin nan da yunwa ta cinye mini da sun iya sauya labarin. Yanzu ina rage jikin a hankali, da tafiyar safe da auna tuwo, ina cin namana.

Kwanan baya Yaya ta zo tana sunkuyar da kai. Ashe matar nan mai jarka tana yawo gidajen biki tana ba da labarina, wai ga wata Hajiya can da likitoci suka gaza, haɗinta ne ya busar da kansar kafin a yi aiki. Na ce Yaya ta kai mata saƙo: in na ƙara jin sunana a bakinta, har gida zan same ta da katin asibitina da rasit ɗin jinin da aka ƙara mini, a gaban masu sayen nata.