Ragon Llanuwchllyn da balangun shagonmu

Duk ragon da ya hau wuta a shagonmu na Liverpool daga duwatsun arewacin Wales ya sauko. Ƙauyen da nake sari sunansa Llanuwchllyn, yana ƙarshen tafkin Tegid, ba nisa da garin Bala, dutsen Aran Benllyn mai tsawon mita 885 na tsaye a kansa. Ƙasar ba ta hatsi ba ce. Tudu ne da kwari, ruwan sama ba rani ba damina, ciyawa gajera. Shi ya sa tumakinsu ƙanana ne masu ƙarfin ƙafa, kuma kowane garke ya san yankinsa a kan dutsen ba tare da shinge ba, uwa ce ke nuna wa ɗiyarta. Naman dabbar da ta tashi tana hawa da sauka yana da tsoka a matse, kitsensa siriri, yana shan yaji har ciki.

Zaɓen rago a wurin Baba na koya, Allah ya jiƙansa, a kasuwar Wudil. Ba ya yarda da ido. Sai ya ɗora tafin hannu a gadon baya, ya matsa gindin wutsiya, ya buɗe baki ya duba haƙora. A Wales hannun ya fi amfani, domin gashin tumakinsu na ɓoye rama. Ranar da wani dattijon makiyayi ya ga ina lalube haka, shi da kansa ya buɗe mini ɗaya shingen da ya ware na kirki.

Mutane ne masu riƙo da harshensu, da Welsh suke ciniki da kiran kare. A Llanuwchllyn aka haifi Michael D. Jones a 1822, wanda ya tsara ƙaurar mutanensu zuwa Patagoniya ta Ajantina a 1865 don kada harshen ya mutu. Kuma in ka ce daga Liverpool kake, sai ka ga fuska ta canza: a 1965 aka nutsar da Capel Celyn, ƙauyen da ke kusa da su, don birnin ya sami ruwa. Amanarsu ba ta samuwa da gaggawa.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga masu sayen daskararren nama da ya ƙetaro teku, su bulbula masa yaji su ce na Wales ne. Sai mai saye ya zo yana cewa, "Alhaji, can ya fi sauƙi." Ɗanɗana tukuna, ranka ya daɗe!

Maganar layya kuma, 'yan ragunan dutse a watan Afrilu ake haifar yawancinsu, ba su isa yanka ba in Sallah ta zo farkon bazara. Na bara nake kamawa, a yanka a mayanka mai lasisi bisa shari'a. Mai so ya yi magana tun cikin azumi.