Abin da ido ya gani daban, abin da kai ya zata daban

Ɗalibin jiyoloji, wato ilimin duwatsu da ƙasa, yakan shigo jami'a da tunanin haddace sunayen duwatsu. Sunayen kuwa suna nan jingim, amma abin da ke raba ƙwararre da ɗan koyo shi ne littafin aikin daji. A shafi guda ka rubuta abin da ka gani: launi, girman ƙwayoyi, kaurin shimfiɗa, inda ta karkata da digiri nawa. Fassararka ta koma ɗaya shafin. Da fensir ake rubutun, don ruwan sama yana wanke tawada.

Gwaje-gwajen farko ba su da tsada. Ma'aunin tauri da Friedrich Mohs ya tsara a 1812 ya tashi daga 1 zuwa 10. Farce yana wajen 2.5, gilashi 5.5, ma'adinin kwaz kuma 7. Ma'adinin kalsayit bai kai gilashi tauri ba, saboda haka farin ma'adinin da ya karce gilashi ba kalsayit ba ne. Ɗiga asid mai rauni a kan kalsayit, nan take zai yi kumfa. Dolomayit kuwa, ma'adini mai kama da kalsayit, sai an kankare shi ya zama gari tukuna. Nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. Haka kamfas, na'urar nuna shiyya: in guduma na kusa da shi, ƙarfenta zai janye allurar, ma'aunin yini guda ya tashi a banza. Samfurin da aka jefa jaka babu lamba da wurin ɗauka, tsakuwa ce kawai.

Ayyukan da ke gaba duk a kan wannan tarbiyya suke tafiya, ko haƙar ma'adinai ne, ko man fetur, ko binciken ƙasa kafin gina hanya da madatsar ruwa. Ɗauki neman ruwan burtsatse. Ana kafa sandunan ƙarfe a ƙasa, a tura lantarki, a auna yadda ƙasar ke tare shi. Inda tarewar ta yi ƙasa sai a ce ga ruwa. Amma yumɓu ma haka yake nunawa a na'ura, alhali ba ya sakin ruwan da ya riƙe. Wanda bai zagaya ya duba duwatsun wurin da rijiyoyin maƙwabta ba, zai sa a haƙa mita 60 a tashi hannu wayam.

A harkar gini kuwa rayuka ne a tsakiya. A 1963, a madatsar Vajont ta Italiya, gefen tsauni ya zame kan siraran shimfiɗun yumɓu ya afka cikin tafkin. Madatsar ba ta rushe ba, ruwan ne ya tsallake ta, ya hallaka mutum kusan 2,000.