Godiya ga Injiniya da duk wanda ya taya ni jimami

Alhamdulillahi. Waɗanda suka ga kukan da na kawo makon jiya, ku taya ni murna, kayana na cikin laftof sun dawo. Ba duka ba, amma abin da ya hana ni barci yana hannuna.

Ga wanda zancen ya wuce shi: shekara biyu ke nan ina zagaya lungunan birnin Zariya ina naɗar hira da dattawa masu ɗinkin babbar riga, don aikin digirina na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello. Komai a laftof ɗaya yake. Rannan bayan asuba na kunna ta, sai baƙin allo da ɗan rubutu, wai ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Na shiga BIOS, wato shafin saitin da ke nuna kayan cikin kwamfuta, gurbin da sunan had-disk (ma'ajiyar fayiloli) ke fitowa fayau. Kwafi kuwa babu, kullum gobe nake cewa. Wannan laifin nawa ne ni kaɗai. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ɗaya daga cikin dattawan nan ya rasu bara, kuma a iya sanina babu wani wurin da muryarsa take.

Shagon farko da na je, yaron ko buɗe ta bai yi ba ya ce a yi fomatin, wato a goge komai, a zuba sabuwar Windows, zuwa la'asar in dawo in karɓa. Saura kaɗan in yarda, don wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Allah ya saka wa ƙanin matata da alheri, shi ya ce, "Yaya, kada ka bari a taɓa," ya goya ni a babur daga Samaru har Sabon Gari, wajen wani mai gyara kusa da PZ.

Injiniya, ka ce kada in ambaci sunanka, na bi umarninka. Amma abin da na gani a shagonka sai na faɗa.

Da ya ciro had-disk ɗin ya ba shi wuta, sai ya ce a kashe fanka, kowa ya yi shiru. Ya kara shi a kunne kamar likita da majinyaci. Can ya ce, "Malam, yana juyawa, kuma ba ya ƙas-ƙas. Akwai fata." Ya yi mini bayani cewa faifan ciki yana juyi 5400 a minti ɗaya, allurar da ke karanta shi kuma shawagi take a samansa ba ta taɓa shi. In ta lalace har aka ji tana bugu, duk kunnawa ɗaya ƙara karce faifan ake yi. Ya kwance ɗan koren allon da ke bayansa, ya goge 'yan haƙoran ƙarfen allon da suka dushe da abin goge fensir na 'yan firamare, ya mayar. Ya ƙi sa shi a akwatin USB, ya haɗa shi kai tsaye da wayar SATA, wadda ake haɗa had-disk da ita, a babbar kwamfutarsa. Da ƙyar, bayan jira, sunan ya bayyana. Na yi kabbara har maƙwabcinsa ya leƙo.

Ni a zatona an gama, a kwashe fayil kawai. Ya ce a'a. Bayanan lafiyar faifan, waɗanda ake kira SMART, sun nuna gurabe da yawa sun ƙi karantuwa, jikin da ya yi laushi haka kuwa ba a wahalar da shi. Ya sa na sayo sabon had-disk da ya fi tsohon girma, ya tashi kwamfutarsa da Linux maimakon Windows, ya sa wata manhaja mai suna ddrescue ta kwafe faifan gaba ɗaya. Dabararta ita ce ta fara kwashe wuri mai kyau, ta tsallake mai matsala, sai daga baya ta koma tana lallaɓa shi, kuma tana rubuta inda ta tsaya. Kwana uku aka yi, a kan batirin solarsa, bai ƙara mini ko kwabo a kan abin da muka yi ciniki ba. Duk sauran aikin a kan kwafin ya yi shi: manhajar TestDisk ta gyara taswirar faifan, wadda ke nuna inda fayiloli suke, abin da ya ƙi fitowa kuma manhajar PhotoRec ta tono shi.

Sai dai PhotoRec ba ta dawo da suna, lambobi kawai take bai wa fayil. A nan uwargida ta shigo. Dare biyu muna zaune a tabarma, tana kunnawa ɗaya bayan ɗaya, ni ina cewa wannan wane ne, tana rubutawa. Allah ya bar mu tare.

Malamin da ke duba aikina ya ƙara mini lokaci ba tare da na yi dogon roƙo ba, na gode Farfesa. 'Yan ajinmu da suka yi karo-karon kuɗin sabon had-disk, Allah ya mayar muku da ninki. Masu cewa in sa tsohon had-disk ɗin a firij ya kwana, na san da kyakkyawar niyya kuka faɗa, amma Injiniya ya ce raɓar da zai yi in ya fito ita za ta ƙarasa shi.

Hotunan sunan 'yata sun tafi, haka babi ɗaya da zan sake rubutawa. Hirar marigayi kuwa ta fito, in ban da 'yan mintuna a tsakiya inda sautin ke tsalle. Jiya na saurare shi yana kwatanta yadda ake fitar da adon aska takwas a gaban riga, yana dariya yana cewa, "Ɗana, kai da alƙalami ka saba, allura sai mu." Allah ya jiƙansa da rahama. Yanzu hirar tana wuri uku, ɗaya a Google Drive. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu, bayan an sauko daga masallaci, zan kai wa iyalansa nasu kwafin a filashi.