Hajiya, wankan ya jira tukuna

Daren jiya wajen ƙarfe 3 na karɓi haihuwar wata yarinya, haihuwar fari, kun dai san sanyin Daura in hunturu ya kankama, har cikin ƙashi. Ko cibiya ban yanke ba sai ga uwar mijinta da bokiti da soso wai a miƙo mata jikanta ta wanke shi. Na ce Hajiya don Allah ki yi haƙuri, ba yanzu ba.

Jariri yana faɗowa abin da muke fara yi shi ne goge shi da zane busasshe, a cire jiƙaƙƙen, a kifa shi kan ƙirjin uwarsa jiki da jiki a lulluɓe su, harda hula. Ina yi idona na kan abu biyar: numfashi, bugun zuciya ko ya haura 100 a minti, kalar jikinsa, ƙarfin gaɓoɓi, da yadda yake zabura in an taɓa shi. Kowanne maki 0 zuwa 2 ne, duka 10, ana dubawa a minti 1 da minti 5. Wata likita 'yar Amurka Virginia Apgar ce ta fito da wannan tsarin ba da maki a 1952. In ya samu 7 zuwa sama sai hamdala. Amma in ba ya numfashi ba a tsayawa lissafi, cikin mintin farko za a fara hura masa iska da jakar numfashi, ba riƙe shi kai ƙasa ana bugu ko yayyafa masa ruwan sanyi ba, wallahi wannan yana ƙona min rai.

Wanka kuwa, jariri nan da nan sanyi yake kama shi, balle wanda bai kai kilo 2.5 ba, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jira awa 24. Farin maiƙon nan na jikinsa ba datti ba ne, kariya ce ga fatarsa. Dakashi ma kar a matse a zubar, a sa jaririn a nono cikin awar farko. Cibiya maganin kashe ƙwayoyin cuta na chlorhexidine kawai ake shafa mata, ban da man goge baki.

Jaririn nasu ya samu maki 9 a minti 5. Hajiya ta ajiye bokitin tana ƙunƙuni, da ta ga ya kama nono ita ce ta cire mayafinta ta ƙara lulluɓa musu.