Mako na goma sha ɗaya: gadar da ta tare mini hanya

'Yan uwa masu fama da Polanci, harshen ƙasar Poland, sannunmu da ƙoƙari. Kalmomi arba'in na ɗauri aniyar haddacewa a makon nan, ashirin da shida kawai suka zauna, kuma kalma ɗaya ce ta cinye mini lokacin: most.

Ranar Talata bayan isha'i ina kan darasin tambayar hanya, sai ga "Gdzie jest most?" Idon da ya saba da Turanci tun firamare ya yi caraf ya ce ai "mafi yawa" ke nan. Na yi kusan minti goma ina jujjuya jimlar, har shayina ya huce, wai "ina mafi yawa yake?" Ashe gada ce. Ita dai gadar da ake tsallake kogi a kanta. Haka take a harshen Czech, haka a na Bosniya. Daga nan na bar darasin na bi ta a guje. Birnin Mostar na ƙasar Bosniya ma daga masu gadin gada ya samo sunansa. Gadar tasu, Stari Most, wato Tsohuwar Gada, a 1566 aka kammala ta a kan kogin Neretva, zamanin Daular Usmaniyya. Yaƙi ya rusa ta a Nuwamban 1993, aka sake buɗe ta a 2004. Tun da na ga hotonta kalmar ta daina ruɗa ni.

Na buɗe wa irin waɗannan kalmomi masu kama da na Turanci shafi na musamman a bayan littafina, da jan biro. Brat ɗan uwa ne namiji, ba yaro marar kunya ba. List wasiƙa. But takalmi. Pan kuwa malam ne, na girmamawa, babu ruwansa da kasko. Wadda ta fi ba ni dariya pies: Bature zai zaci abin ci ne, alhali kare ne.

Ga dabarar da ta yi mini aiki, ku gwada. Ku daina karantawa a zuci, ku ɗaga murya, kuma ku karanta da bakin Bahaushe. Wasulan a, e, i, o, u na Polanci sun fi kusa da na bokonmu nesa ba kusa ba. In ka furta but yadda za ka karanta Hausa, ka faɗe ta daidai, kuma kunnenka ba zai ji Turanci a ciki ba. Pies ta zama "piyes" a dunƙule, ruɗani ya ƙare. Sai dai Hausar ma ba ta bar ni ba: tak a wurinsu "i" ce ta amsawa, ni kuma kullum "ɗaya tak" nake ji.

Mako mai zuwa zan koma kan karen nan, don na lura in ka ce kana da shi sai ya rikiɗe ya zama psa: "Mam psa." Wanda ya riga ni wuce wannan darasin, ya taimaka mini da yadda ya yi.