Tsohuwar BMW E46 da maganar ƙafafunta

Duk mai son mota mai gudu amma aljihu ba nauyi, ni dai BMW E46 nake nuna masa, musamman 330i. Tun 1998 E46 ta shiga kasuwa, ita 330i ɗin injinta silinda 6 ne, lita 3, tayoyin baya ke ja, in ka taka ta a kwalta mai kyau wallahi sai ka manta shekarunta.

Matsalar a ƙafa take. Kafin ka sayi rim mai ƙyalli fara canza bushin na hannun gaba (robobin da ke jikin ƙarfen da ke riƙe tayar gaba), su ke saurin mutuwa, shi ya sa sitiyari ke rawa in ka taka birki. Sai shokozoba, samfurin Bilstein B6 ko Koni, akwai tsada kam amma motar za ta zauna daram a kwana.

Sifirin ƙafa (spring) da ke saukar da mota ƙasa kuwa, a titunanmu masu ramuka ɓarnar kuɗi ce kawai, kullum cikinta na gogar ƙasa.

Kuma don Allah kafin ka biya kuɗi sa makanike ya shiga ƙarƙashi da tocila ya duba inda sabfirem na baya (ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun baya) ya kama bodi, wurin yana tsagewa, gyaransa kuma sai an sauke komai an yi walda.