Yadda Muka Ɗora Kwanon Tuwo a Kan Dandamali

Wasan barkwancin da na shirya tare da 'yan ƙungiyarmu a Kano ya samo asali ne daga yajin aikin da ƙungiyar ma'aikatan shari'a ta JUSUN ta shiga a watan Afrilun 2021, tana neman a sakar wa ɓangaren shari'a ikon sarrafa kuɗinsa, lamarin da ya sa kotuna suka kasance a rufe fiye da wata biyu. Da aka koma aiki shari'o'i sun taru jingim, kuma wannan gajiyar ce na so masu kallo su gani a jikin magatakarda, da masinja, da wani matashin lauya wanda kullum ake ɗage masa shari'a.

Na zauna a rumfar wata mai abinci da ke bakin wata kotu kafin na rubuta ko layi ɗaya. A can na lura cewa lauyan da ke ɗaga murya a gaban alƙali yakan cire hular gashinsa ya ajiye a gefen benci, ya karɓi buta daga hannun masinja, sannan ya jira dattijo ya fara sa hannu. A kan wannan sauyin matsayi na gina wasan gaba ɗaya.

Mun yi amfani da tuwon shinkafa da miyar kuka na gaske, ba kwanon wofi ba, kuma wannan shawarar ta koya mini abin da ban samu a rubutu ba. Ɗan wasa ba zai iya furta doguwar magana da loma a baki ba, don haka tilas muka gajarta jawabai muka bar shiru ya yi aikinsa. Inda aka fi dariya shi ne wurin da tsoka ɗaya ta rage a miya, kowa yana tura wa ɗan'uwansa, har masinja ya ce, "Ranka ya daɗe Barista, a ɗage maganar naman nan zuwa wani zaman."

Na ƙi yarda a mayar da ma'aikatan nan abin ba'a, domin mutane ne masu ɗauke da damuwar waɗanda ke tsare suna jiran beli. Saboda haka na bar wa magatakarda fitowa guda inda ya kasa cin abinci, abokan aikinsa kuma suka rufe masa rabonsa ba tare da sun tambaye shi dalili ba.